Rasuwar Dokta Rahinatu Attaher da Roƙonmu a Kan Danya Biyu da Suka Rage

Cikin alhini da raunin zuciya, tare da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Shi ne ya ba mu aronta kuma Shi ne ya karɓi abinsa, Ƙungiyar Dafa Kafaɗa ta Dakoro, wato ƙungiyar iyalan da ke jinyar masu ciwon tangaɗi na gado, ta samu labarin rasuwar uwarta wadda ta kafa ta, Hajiya Dokta Rahinatu Attaher, masaniyar itatuwa da haɗa magunguna, wadda Allah ya yi wa cikawa da hantsin ranar Asabar, goma sha huɗu ga watan Satumba, a gidan mahaifinta da ke nan Dakoro, tana da shekara hamsin da biyu a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An sallace ta bayan azahar a wannan rana, aka kai ta makwancinta a maƙabartar gabas, kusa da mahaifinta, kamar yadda ta roƙa tun tana iya magana.

A madadin shugaban ƙungiya, Malam Idrisa Mainassara, da dattawan kwamiti maza da mata, da gidaje talatin da ɗaya da ke cikin wannan ƙungiya daga Dakoro, Korahane, Mai Yara da Ɗan Gulbi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai gidanta, Alhaji Abdurrazak, da ɗiyanta biyu, Amiru da Haula, da dukan zuriyar marigayi Malam Attaher, da abokan aikinta na jami'a, da masu martaba sarakunanmu, da limamai da malamai, da ma'aikatan lafiya, da duk wanda ya taɓa zama a tabarmarta. Kwamiti ya zauna ranar Talata, ya umurce ni, magatakardar ƙungiya, da in rubuta wannan saƙo domin a karanta shi a radiyo da kuma ƙofar masallatai kafin sadakar bakwai. A cikinsa akwai ta'aziyya, akwai kuma wani roƙo da ba zai jira ba, kuma muna neman afuwar iyali da muka haɗa su wuri ɗaya.

Saboda waɗanda za su ji wannan saƙo ba su san ciwon ba, ga yadda yake. Mutum yana cikin ƙarfinsa, shekara talatin ko arba'in, sai ƙafarsa ta fara saɓa masa, yana tafiya yana tangaɗi. Daga nan hannu ya daina riƙe ludayi daidai, harshe ya yi nauyi, magana ta riƙa fita a jaye, a ƙarshe ko ruwa ya sha sai ya shaƙe shi. Hankalinsa yana nan, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Ciwon yana bin jini daga uwa ko uba zuwa ga ɗiya, wani ya gada wani ya tsira, kuma har yau likitoci ba su da maganin da ke tsayar da shi. Kafin zuwan marigayiya, a garuruwanmu ba a kiransa ciwo. Idan namiji ne sai a ce ya fara shan abin maye, idan mace ce sai a ce iska ce ko sammu, kuma gidan da ya bayyana a ciki mutane sukan rage shiga.

Hajiya Dokta Rahinatu ta san wannan tun tana ƙarama, domin mahaifinta, Malam Attaher, makiyayi ne da iyayensa suka gangaro daga arewa suka zauna a Dakoro, mutum mai tsoron Allah da bai taɓa kai abin maye bakinsa ba, amma da ciwon ya kama shi ya yi shekara tara ana nuna shi da baki a kasuwa. Ta sha ba mu labarin ranar da ta dawo daga lakkwal, wato makarantar boko, ta iske shi zaune a bakin hanya, rawaninsa ya kwance, yara sun kewaye shi suna kwaikwayon tafiyarsa, ta ajiye allonta ta kama shi ya dafa kafaɗarta har gida. Daga wannan ne sunan ƙungiyarmu ya fito. Allah ya ba ta kaifin ƙwaƙwalwa, ta ci sertifika, wato jarrabawar gama firamare, ta wuce kolej, ta kai jami'a, ta yi karatun haɗa magunguna a gida da waje, har ta zama malama mai koyar da masu zama likitoci. Da ta ga dama da ta zauna a babban birni ba wanda ya san daga gidan da ta fito. Amma duk hutu tana Dakoro, kuma shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta tara gidaje shida a ƙarƙashin rumfar mahaifiyarta, ta faɗa masu da bakinta cewa ciwon nan na gidansu ne ita ma, kuma ba abin kunya ba ne.

Ayyukan da ta yi mana ba za su ƙirgu a takarda ɗaya ba. Ita ce ta bi limamai ɗaya bayan ɗaya tana yi masu bayani, har aka daina janye jiki daga mai tangaɗi a sahun salla, aka riƙa bar masa gefen bango domin ya jingina. Ita ce ta koya wa iyayenmu mata su dama kunu da kauri, su zaunar da majinyaci tsaye sosai kafin su ba shi, su bar shi ya haɗiye kafin su sake kai ludayi, kuma wannan kaɗai ya rage shaƙewar da ke kai mutanenmu asibiti. Ita ce ta kawo dabarar ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi, domin babba ya kai kansa ba sai ɗiyarsa ta riƙe shi ba. Wanda bai yi jinya ba zai ga igiya ƙaramin abu ce, amma akwai dattawan da suka yi kuka ranar da aka ɗaura masu ita. Samari da ƴan mata na gidajenmu da ke tsoron aure ta zauna da su ta faɗa masu gaskiyar yadda gadon yake, ba ta ƙara ba ta rage ba, ta kuma hana iyaye su matsa wa wanda bai shirya sani ba.

Ba ta da girman kai ko kaɗan. Takan zo taro da takalmin roba da ƙaton mayafi shuɗi, ta zauna a ƙasa cikin mata, ta ci fura a ƙwarya ɗaya da mai jinya. Malam Idrisa yakan tsokane ta wai duniya ta juya tun da Buzuwa ce za ta koya wa manoma sirrin itace, ita kuma ta mayar masa da cewa manomi ba ya sanin itace sai ranar da zai sare shi, amma ɗiyar makiyayi awaki ne suka yi mata lakkwal ɗin farko. Inna Mata, tsohuwar da ta fi kowa sanin sassaƙe da saiwa a yankinmu, Furofesa marigayiya take kiranta, tana durƙusawa har ƙasa in za ta gaishe ta, Inna Mata kuwa takan ce ba ta taɓa ganin ɗaliba mai yawan tambaya da ƙarancin biyan kuɗin goro irin wannan ba. Haka suke yi har a gaban baƙi.

Wannan abota ce ta haifar da babban aikin da ta bari. Marigayiya ta yi imani cewa a cikin itatuwan da Allah ya shuka a ƙasarmu za a iya samun sinadarin da zai rage saurin lalacewar jijiyoyin kai, domin magunguna da yawa na farmasi asalinsu daga ganye ne ko ɓawo. Ta yi shekara biyu tana bin Inna Mata daji, tana rubuta abin da ake ba mai karkarwa da mai shanyewar jiki, ta ɗauki iri goma sha tara ta kai ɗakin bincike. A cikinsu, ɓawon danya ne ya sa ta sake dawowa. Sai ta zaɓi danya bakwai a gonar Malam Bubakar, a kan hanyar Korahane, da izininsa, ta shafa wa kowace shuɗin fenti ta rubuta mata lamba daga ɗaya zuwa bakwai. Dalilinta shi ne abin da ke cikin ɓawo yana canjawa daga bazara zuwa damina zuwa kaka, kuma ba za a gane canjin ba sai an riƙa ɗiba daga itace guda, lokaci bayan lokaci, har shekara uku cur. Yadda take ɗiba kuwa abin kallo ne. Faɗin yatsa biyu kawai take yanka, tsawon tafin hannu, a gefe guda, sannan ta kwaɓa laka ta shafe wurin kamar mai ɗaure rauni, ta shanya ɓawon a inuwa, ba a rana ba, ta sa a jakar takarda da lamba da kwanan wata.

A can ɗakin bincike, kamar yadda ta yi mana bayani, suna da wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani sai da madubin likita, waɗanda aka sa masu ciwo mai kama da namu. Sukan tace ɓawon su fitar da abin da ke ciki kashi-kashi, su ba tsutsotsin su ga ko motsinsu zai gyaru. Ta ce a wani kashi sun ga alamar da ta sa su ci gaba da dubawa. Amma a duk taron da ta ambaci wannan, sai ta ɗaga yatsa ta maimaita cewa tsutsa ba mutum ba ce, cewa abin da ya taimaki tsutsa yana iya cutar da hanta ko ƙodar ɗan Adam, cewa ba a san ko wane sinadari ba ne a cikin ɗaruruwan da ke ɓawon, ba a san awonsa ba, kuma tana yiwuwa a yi shekara goma ana aiki a ƙarshe a ce babu komai. Ba ta taɓa ce mana an samu magani ba. Ƙungiya tana so duk mai sauraro ya riƙe wannan, domin ita kanta ta fi son a riƙe shi a kan duk wani yabo.

Sai dai a wurinmu abin da aka yi wa alama ba kamar sauran ba ne. Ragon da aka ɗaura wa ƙyalle an san an keɓe shi, itacen da aka kewaye an san akwai dalili. Da mutane suka ga Dokta ta tsallake danya fiye da ɗari a dajin nan ta shafa wa bakwai fenti, sai labari ya bazu cewa waɗannan bakwai ɗin su ne masu maganin, ta gano su da na'ura, lambar kuma ita ce ƙarfin kowace. Ba mugunta ta sa ba. Masu jinya ne da suka gaji da kallon nasu yana narkewa. Bayan ta koma jami'a a shekarar farko, aka riƙa zuwa da gizago da wuƙa, wannan ya sassaƙa nan, wancan ya sassaƙa can, har raunukan suka haɗe suka zagaye gindi. Ba mu san cewa abincin itace ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ba, kuma in aka yanke shi ta zagaye itacen ya mutu ko da ganyensa kore ne a ranar. Kafin damina ta biyu danya biyar sun bushe tsaye. Lamba uku da lamba shida ne kawai suka tsira.

A nan ina neman izinin dattawa in yi magana da sunana, domin kwamiti ya ce in rubuta gaskiya, kuma gaskiyar ta shafe ni. Mahaifina, Malam Harisu, yana cikin masu wannan ciwo, kuma gwaggona da shi ta rasu. Ni da ƙannena ba mu san wanda ya gada a cikinmu ba. A shekarar da nake faɗa ina aji shida, na ji mata suna cewa a bakin rijiya lamba biyar ta fi kowace ƙarfi. Wata rana da tsakar rana na fita kamar zan yi itacen girki, na ɗauki wuƙar innata, na ɓare lamba biyar a wurin da ya rage mata lafiyayye, na cika bakin zanena. Na dafa na ba babana na ce masa daga wurin Dokta ne. Ya sha saboda ya yarda da ita, kuma ya yarda da ni. Kwana biyu yana amai, ƙafarsa kuwa ba ta canja ba. Lamba biyar ita ce ta ƙarshe da ta bushe, kuma na san hannun da ya ƙarasa ta.

Da marigayiya ta dawo ta ga itatuwan, an ce ta daɗe tsaye a gonar tana dubansu. A taron da aka kira washegari kowa ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, Malam Idrisa ma ya ce a faɗi sunayen waɗanda suka yi. Ita ce ta hana. Ta ce laifin nata ne, domin ta yi aiki irin na jami'a a gonar Dakoro, ta shafa fenti ta tafi ba ta sa mai shela ya zagaya ya faɗi ma'anarsa ba, alhali ita ɗiyar garin nan ce, ta fi kowa sanin abin da alama take nufi a wurinmu. Ta ce da tana da shekara goma sha biyu aka ce mata ga itacen da zai miƙar da ƙafar babanta, da har saiwarsa sai ta tone. Bayan taro na bi ta har gida, na tsaya a bakin rumfa na kasa shiga, sai da ta kira ni sau uku. Na faɗa mata abin da na yi. Abin da ta fara tambaya shi ne ko aman babana ya tsaya, ko fitsarinsa ya canja launi. Sannan ta duba rubutuna a kayen lakkwal, wato littafina na makaranta, ta ce yana da kyau, ta ba ni sabon kaye da bik na rubutu da igiyar awo, ta ce daga yau ni ce zan riƙa zuwa duk Juma'a in duba danya biyun in rubuta halin da suke ciki. Da na gama firamare ban samu wucewa kolej ba saboda jinya, ita ce ta ce wa kwamiti a ba ni rubutun ƙungiya. Ba ta taɓa faɗa wa kowa maganar lamba biyar ba. Yau ne mahaifiyata ma za ta fara ji.

Mutane da yawa ba su san cewa tun tana da shekara arba'in da shida ta gane ciwon ya kama ta ba. Ta gane shi a rubutunta kafin kowa ya gani a tafiyarta. Ta ci gaba da koyarwa har lokacin da ɗalibai suka daina fahimtar maganarta, sannan ta dawo Dakoro gaba ɗaya, tana zuwa gona a amalanke, Haula tana riƙe da ita, ita kuma tana nuna mani da ido inda zan sa wuƙa. Alhaji Abdurrazak ya ba mu izini mu faɗi wannan: ya roƙe ta ba sau ɗaya ba, har da hawaye, ta gwada abin da suka tace a ɗakin bincike, tun da yana hannunta kuma ba abin da za ta rasa. Ta ƙi. Ta ce masa in ta sha ta ji sauƙi na kwana biyu za a ce magani ne, in ta sha ta mutu za a ce guba ce, kuma ko wanne aka faɗa ƙarya ce da za ta bi Amiru da Haula da ɗiyan mutane. Ta fi son a bi hanya mai tsawo a samu amsar da za a iya dogara da ita, ko da ba ta nan.

A watan da ya gabata abinci ya shaƙe ta ya sauka a ƙirji, zazzaɓi ya biyo baya, daga nan ba ta sake tashi ba. Duk da haka, ranar Juma'ar ƙarshe da na kai mata kaye, sai da ta sa aka ɗaga ta ta duba shafin. Ɗiba ɗaya ta rage a cikin shekara ukun, ita ce ta kakar bana, bayan an gama yankan gero, wato nan da mako huɗu ko biyar. Abokin aikinta, Dokta Nafi'u, wanda ya zo jana'iza, ya tabbatar wa kwamiti cewa za su ci gaba da binciken, amma ya ce in babu wannan ɗiba ta ƙarshe daga lamba uku da lamba shida, awon ba zai cika ba, kuma ba za a iya maye gurbinsu da wata danya ba sai dai a koma farko, a sake shekara uku, in an samu mai ɗaukar nauyin komawa.

Abin da ya tilasta mana wannan roƙo shi ne, tun daga ranar jana'iza, wasu daga cikin masu zuwa gaisuwa suna biyawa ta gonar Malam Bubakar a hanyarsu ta komawa, kowa yana yankar ɗan ɓawo. Wasu suna cewa na tabarruki ne, wasu suna cewa tun da mai shi ta tafi gara su ɗebi rabonsu kafin ya ƙare, har mun ji ana kiransa maganin Dokta. Ranar Talata da safe na je da igiyar awo. Lamba uku tana da sababbin raunuka huɗu, amma ba su haɗe ba. Lamba shida kuwa abin da ya rage mata na lafiyayyen ɓawo a gindi bai wuce faɗin tafin hannuna biyu ba. Na shafe raunukan da laka kamar yadda aka koya mani, amma laka ba ta mayar da abin da aka cire. In mutum uku ko huɗu suka ƙara sa wuƙa a wurin nan, ta tafi. Ranar Juma'a kuma ake sadakar bakwai, kuma mun san jama'ar da za ta zo ta fi ta ranar uku yawa.

Don haka Ƙungiyar Dafa Kafaɗa tana roƙon iyayenmu da yayyenmu, don girman Allah da darajar wadda muke makoki, kada kowa ya sake taɓa danya mai shuɗin fenti, ko ɓawo, ko saiwa, ko reshe. Fentin nan ba ya nufin tana da magani, lamba ce kawai ta ganewa. Wanda ya riga ya yanka ba ma neman sunansa, kuma ba mu da bakin zarginsa, amma muna roƙonsa kada ya dafa wa majinyaci, domin ba a san abin da zai yi wa cikinsa ba. Wanda ya riga ya ba da shi ya ga amai ko kumburi, ya gaggauta kai mutumin asibiti ya faɗi abin da ya sha ba tare da jin kunya ba. Duk wanda aka tallata masa wani ƙulli da sunan marigayiya, ya sani ba ta bar magani ba, ba ta kuma ba kowa izini ba. Muna roƙon masu girma limamai su faɗi wannan bayan salla, masu unguwanni su sa a yi shela, direbobin da ke ɗaukar mutane zuwa Korahane kuma su taimaka kada su tsaya a bakin gonar.

Kwamiti ya so ya sa samari su yi gadi, amma aka ga ba daidai ba ne yaro ya tare dattijon da ya zo gaisuwar mutuwa, kuma ƙaya da aka kewaye wurin da ita an riga an janye ta. Muna cikin wannan shawara a gidanmu, domin a nan aka zauna, sai mahaifina ya buga sandarsa a ƙasa. Maganarsa yanzu ni da innata kaɗai muke ganewa, don haka ni na faɗa wa dattawa abin da ya ce. Ya ce a ɗora shi a amalanke a kai shi gindin lamba shida a shimfiɗa masa tabarma, ya wuni a can. Ya ce ba zai iya hana kowa ba, ko tashi ba zai iya ba, amma duk wanda ya zo da wuƙa sai ya fara yi masa sallama, kuma zai ga mutumin da ya fi shi buƙatar ɓawon nan yana zaune a ƙarƙashinsa bai taɓa ba. Ya ƙara da cewa shi an riga an ba shi ya sha, ya san ɗanɗanonsa, ba maganin ƙafa ba ne. Dattawa suka yi dariya, wasu suna share ido. Kafin la'asar majinyata biyar sun aiko cewa a sa su cikin jeri, har da wata baiwar Allah daga Mai Yara da ta yi shekara biyu ba ta fita ƙofar gida ba.

Saboda haka muna sanar da jama'a cewa daga safiyar Juma'a har ranar da za a yi ɗibar kaka, majinyatanmu za su riƙa zama bi da bi a gindin danya biyun daga hantsi zuwa la'asar, tare da masu kula da su. Iyalin marigayiya sun amince cewa wanda ya yi masu gaisuwa a gida yana iya ƙarasawa can ya gaishe su, domin su ma uwa suka rasa. A zo da addu'a da ruwan sha, a bar wuƙa a gida.

Muna roƙon Allah Mai rahama Mai jin ƙai ya gafarta wa Hajiya Dokta Rahinatu Attaher kurakuranta, ya sa ciwon da ta yi ya zama kankarar zunubi, ya yalwata kabarinta ya haskaka shi, ya tashe ta da ƙafafu masu ƙarfi a ranar da kowa zai tsaya, ya haɗa ta da mahaifinta a Aljanna Firdausi. Allah ya ba Alhaji Abdurrazak haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya saka masa da alheri a kan jinyar da ya yi ba tare da gajiya ba. Allah ya raya Amiru da Haula, ya kare su daga abin da suke tsoro, tare da dukan ɗiyan gidajenmu. Allah ya ba masu bincike basira da gaskiya, ya sa a samu amsa, ko wace iri ce. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu ikon kame hannunmu na mako biyar, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin summa amin.

An rubuta a Dakoro, ranar Laraba, 18 ga watan Satumba, 2024.

Uwale Harisu
Magatakardar Ƙungiyar Dafa Kafaɗa ta Dakoro,
a madadin Shugaba, Malam Idrisa Mainassara, da dukan kwamiti